Inci Biyun da Na Ƙara

Laraba, 7:10 na safe

Littafin awona ne, amma shi na tarar a jaka, don haka na juyo shi ta baya inda babu sunan kowa. Ta gaba duk ƙugu ne da kafaɗa da tsawon hannun matan mutane.

Kwananmu uku a asibiti. Mijina Injiniya yana ɗaki na huɗu, gadon jikin taga, kai a naɗe. Ba wani injiniya ba ne fa, injinan ban ruwa yake bi yana gyarawa a gonaki da lambuna a kan babur ɗinsa. Ni na laƙaba masa tun muna zance, har mahaifiyarsa ta kama. Shekara goma sha ɗaya ina kiransa haka don tsokana. Jiya sau uku na kira shi a kunne, ko gira bai ɗaga ba.

Likita ya ce mu jira. Na ce mu jira me? Ya ce mu dai jira.

Laraba, 2:00 na rana

Dogo, ƙanin Injiniya, ya karɓo kayan daga wajen 'yan sanda: jakar sifanu, wayar da ta dagargaje, takalmi ƙafa ɗaya, da hular kwano. Babur ɗin an wuce da shi gun bakanike.

Inna, mahaifiyarsu, ta karɓi hular hannu biyu, ta ɗora a cinya tana shafawa. "Ku duba nan, ko ƙwarzane babu. Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Da ba ki saya masa wannan ba, da yanzu zaman makoki muke." Matan da ke kan benci suka hau sa min albarka, har waɗanda ba su taɓa ganina ba.

Na ce amin. To me zan ce?

Da na karɓa na leƙa ciki, hularsa ta yadi tana nan a maƙale, mai ruwan tokar nan, fes da ita. Na zare ta na cusa a jaka, ban bari kowa ya gani ba.

Alhamis, 6:30 na safe

Ban yi rowa ba. Wannan kam kowa shaida ne. Wadda ta fi kowacce tsada a shagon na ɗauka.

Alhamis, 11:45 na safe

Kowa da nasa labarin. Wani ya ce kare ne ya gitta, wani ya ce tsakuwar masu aikin titi ce a kan kwana, mai facin da ke wajen ya rantse wata mota ce ta matse shi. Na ce wa Dogo don Allah ya daina kwaso min. Ko kare ko mota, ba su ne suka hana ni zama wuri ɗaya ba.

Alhamis, 4:20 na yamma

Likita ya tambaya ko akwai hular kwano a kansa lokacin da abin ya faru. Dogo ya yi caraf ya ce ƙwarai kuwa, ai ga ta ma, mutanen da suka taimaka ne suka cire masa. Likitan ya karɓa ya juya ta. Ya duba baya, ya duba gefen dama, gefen da ciwon yake, ya shafa wurin da babban yatsa. Sai ya miƙa wa Dogo ya ce, "To, madalla," ya wuce gado na gaba.

Bai kalle ni ba. Wallahi da ya kalle ni da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 9:15 na safe

Na zo gida wanka. Matar mai kemis ta kira sau biyar a kan rigarta. Na ce mata mijina yana kwance, ta ce ayya, Allah ya ba shi lafiya, amma dai zuwa Litinin za ta samu ko? Allah ya taimake ta na iya riƙe bakina. Na hau keke na ɗinka hannu ɗaya, na ɗaga na ga a bai-bai na haɗa, na farke. Na share ɗakin da babu wanda ya taka. Na ɗora ruwan shayi na manta shi har ya ƙone.

Hular kwanon tana kan durowa. Na juya fuskarta bango, sai na ga ƙeyar ta fi damuna, na rufe ta da tsohon zani.

Asabar, 3:00 na rana

Babu canji. Tayil ɗin baranda ɗari biyu da sha huɗu ne, ɗaya a fashe.

Lahadi, 10:05 na safe

Ya buɗe ido! Ya buɗe, ya kalli silin, ya kalli Inna, ya kalle ni, ya matse min yatsu biyu. Inna ta fashe da kuka, Dogo ya fita baranda a guje wai kira zai yi, alhali wayar tana kan gado. Rubutun nan ko ni da ƙyar zan karanta.

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 5:30 na yamma

Na ɗauka in ya farka abin da ya tokare min ƙirji zai sauka. Yana nan.

Litinin, 8:00 na safe

Bari in rubuta, tunda babu mai karantawa.

Injiniya yana da sanƙo. Wannan shi ne asalin komai, kuma abin dariya ne, ni ma na sha yi masa. Ba ya yarda a ga tsakiyar kansa. Ko a gida, in aka yi sallama, hula yake fara nema kafin takalmi. Shekara da shekaru ina fama da shi a kan hular kwano, ya ce shi ba zai isa gonar mutane ya tuɓe kwano ya tsaya kai tsirara yana laluben hula a aljihu kamar wanda aka kama da sata ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. A banza.

Sai dabara ta zo min, ni mai wayo. Na ce a raina, to a samo wadda zai ɗora a kan hular tasa mana, in ya isa ya cire ta sama, ta ƙasa na nan. Na ɗauki hularsa yana wanka, na zagaya tef ta waje, ashirin da uku da rabi. Sai na yi abin da hannuna ya saba yi shekara ashirin ko barci nake: na ƙara inci biyu. Kowane tela ya san wannan. Kaya in ya yi yawa a rage, in ya matse an yi asarar yadi. Mutum ya samu wurin numfashi.

Wata huɗu ke nan. Shagon yana layin masu kayan babur, mai shi wani siriri mai tabarau. Ya jera min kala uku a kan kanta. Ta farko ƙarama, iya tsakiyar kai, kuɗinta bai kai ɗinkin riga ɗaya ba. Ya ce, "Wannan tara take karewa, ba kai ba." Ta biyu ta rufe kunne da ƙeya, fuska a buɗe, ya ce ta masu yawon cikin gari ce. Ta uku ta rufe har haɓa, da gilashi da ƙofofin iska. Ya tambayi irin tafiyar mai gidan, na ce doguwa ce, kwalta sannan birji, ga kaya a baya. Ya ce to ta ukun. Kuɗinta ɗinkina na wata guda cur, ban ko nemi ragi ba.

Da na faɗi lambar da nake so ya ɗago ya dube ni. "Hajiya, wannan kan waye? Ki zo da mai kan a gwada."

Na ce bazata zan yi masa. Na ce a kan hula zai ɗora.

Ya ce, "Ba a ɗora ta a kan hula. Kuma ba a sayenta da girma. Matsewa ake so ta yi."

Ni kuma bakina. Na ce, "Malam, tun kana wasan ƙasa nake awon mutane. Kai za ka koya min awo?" Har masu shagon kusa suka yi dariya, na ji daɗi. Ya sa min a kwali.

Injiniya ya yi murna kamar yaro. Ya ɗora a kan hularsa, ya kaɗa kai tana lilo, ya ce kai, wannan ai ɗaki ce da falo. Kullum sai ya sa. Kullum sai ya ɗaura maɗaurin, ina tsaye a ƙofa ina gani.

Shi ke nan. Na rubuta.

Talata, 1:10 na rana

Ya yi magana. Kalmomin suna zuwa masa a karkace, ya ce wa kofi takalmi, ya ji haushin kansa ya rufe ido. Amma da abokan aikinsa suka shigo dubiya, sai na ga hannunsa na hagu ya tashi a hankali ya dafe saman bandejin. Mutum ya dawo daga bakin kabari, sanƙonsa yake ɓoyewa. Na yi dariya har sai da na fita waje, a wajen kuma ba dariyar ba ce.

Laraba, 6:00 na yamma

Sabuwa ta ɓullo. Masu gonaki sun fara kira, injina uku sun tsaya, shuka tana bushewa. Sun ce sun san halin da ake ciki, amma in babu mai zuwa dole su nemi wani, kuma wanda ya shiga ba ya fita. Dogo ya yi shekara biyar yana bin yayansa kafin ya koma walda, ya san aikin. Ya ce zai riƙe masa har ya tashi. Bakanike ya ce babur zai fito Asabar ta sama.

Duk wannan daidai ne, har na ce Allah ya saka. Sai Dogo ya ce, "Matar Yaya, ki ajiye min kwanon nan kusa. Ni ma a kan hula zan riƙa ɗorawa irin na Yaya, gayu ba zai lalace ba."

Na ce to.

To! Ni da bakina na ce to.

Alhamis, 7:30 na safe

Saura kwana tara babur ya fito.

Alhamis, 12:40 na rana

Na je layin masu kayan babur. Na wuce shagon sau biyu, na tsaya gaban mai sayar da madubai ina taya abin da ba na so, na dawo gida.

Juma'a, 5:15 na yamma

Na gwada ta wata hanyar. Na ce wa Dogo na ji an ce hular da aka faɗi da ita ba a sake sa ta, ko ba a ga komai a waje ba cikinta ya mutu. Gaskiya ne ma, ba ƙarya na yi ba. Ya kwashe da dariya. "Matarmu, rowa za ki yi min? Don ba ni na biya sadaki ba? Hular da ko ƙuda bai sauka a kanta ba!"

Inna ta sa baki. Ta ce wannan hular mai albarka ce, ta tsare mata ɗa ɗaya, za ta tsare na biyu, kada wanda ya sake kawo zancen wata. Ta juyo ta ce, "Ke dai 'yar nan kin cika tsoro, kuma ban ga laifinki ba. Da duk surukai irinki ne da an huta."

Ina ma ta zage ni.

Asabar, 8:20 na safe

Na tashi da niyyar in ɗauki gudumar Injiniya in fasa ta, in ce faɗowa ta yi daga kan durowa. Na ɗaga zanin, wayam. Inna ta ɗauke ta kai ɗakinta, wai kada ƙura ta ɓata. Tana can kan akwatinta, ta lulluɓe ta da sabon tawul.

Na tsaya da guduma a hannu a tsakar ɗaki kamar mahaukaciya.

Lahadi, 11:00 na safe

Mako biyu da faɗuwar. Ya zauna da kansa, an jingina masa filo. Ya tambayi ina babur, aka ce yana gyara, ya ce me ya same shi?

Litinin, 3:40 na rana

Na shiga shagon. Mai tabarau bai gane ni ba, ko ya yi kamar bai gane ba. Na ce wata ƙawata ce ta aiko ni in tambaya, wai in hula ta yi wa mutum yawa kaɗan, amma yana ɗaura maɗauri, ai babu komai ko?

Ya ɗauko wata babba ya kifa a kansa, ya ɗaura maɗaurin tsam a haɓa, ya juya min baya. "Sa tafin hannunki a ƙeya, ki tura sama." Na ce a'a. Ya ce in tura. Na tura, ba da ƙarfi ba ma. Ta zame ta gaba ta rufe masa ido, maɗaurin ya sulluɓe ta haɓa, ta faɗo hannunsa.

"Hannun mace ke nan a tsaye," in ji shi. "To ki ƙiyasta mutum yana gudu ya tashi sama. Kafin ya sauka ta riga shi tafiya."

Na zauna a kan wani kwalin batir. Ya ci gaba da bayani, ina jin rabi. A goshi ake zagaya tef, yatsa ɗaya sama da gira, kai babu komai. Sabuwa sai ta matse kumatu har mutum ya ji kamar zai ciji cikin bakinsa, daga baya soson yake kwantawa. In an kaɗa kai fatar goshi ta bi ta. Maɗauri yatsa biyu kawai zai shiga. Farin abin da ke ciki, mai kama da na kwalin firji, shi ne hular, na wajen kwalliya ce. Ya nuna min tambarin inganci na gaske da na jabu, na jabun da farce ya ɓare shi.

Da na miƙe zan fita ya ce, "Hajiya mai tef. Ya mai jikin?"

Ban san wa ya gaya masa ba. Na ce da sauƙi. Ko "ai na faɗa miki" bai ce ba, kuma da ya ce da na samu wanda zan yi wa masifa.

Talata, 9:30 na safe

In na faɗa, Inna ba za ta sake kallona da idon da ba. Shekara goma sha ɗaya ban haihu ba, ko sau ɗaya matar nan ba ta taɓa yi min gori ba. Dangi sun yi surutu, ita ta tsaya min. 'Yar nan, 'yar nan. Uwata ta rasu ina ƙarama, ita ce na samu. Tsoro nake ji, tsoron gaske.

In ban faɗa ba, Asabar Dogo zai hau kwalta da ita.

Na jera su haka a takarda ko zan ga wata hanya ta uku. Babu.

Talata, 4:50 na yamma

Na gama rigar matar mai kemis. Ta ce ta ɗan yi mata yawa a ƙugu. Na ce ta kawo in rage.

Laraba, 2:15 na rana

Inna ta je alwala, ɗakin ya rage ni da shi, na gadon kusa yana barci. Na matso na ce, "Injiniya, hular kwanon nan da na sayo maka, ta yi maka yawa. Ni na ƙara awon. An hana ni na ƙi ji. Fita ta yi daga kanka." Na faɗa duka, ban rage ba, ina kallon bargo.

Ya juyo ya dube ni. Sai ya ce, "Wace hula?"

Na ce baƙar nan, mai gilashi, wadda ka ce ɗaki ce da falo.

Ya yi murmushi irin na wanda ba ya so ya ba ka kunya. "Kin saya min hula? An gode." Ya lumshe ido.

Likita ya ce watannin baya-bayan nan wataƙila su dawo masa, wataƙila ba za su dawo ba. Na zo da abu a ka zan sauke, wanda zai karɓa ba ya nan.

Alhamis, 7:50 na safe

Dogo ya biyo karɓar makullin akwatin kayan aiki. Na ce ya zauna, ya cire hula, zan auna kansa. Ya ce, "Lafiya? Filo za ki ɗinka min?" Na ce kwakwa zan saya, ina son in san girman da babu komai a ciki. Ya yi dariya ya sunkuyo.

Ashirin da biyu. Kansa bai ma kai na yayansa ba. Wato a kansa ta fi lilo.

Na rubuta 22 a tafin hannuna, sai na kama biro yana shirin ƙara wani abu a gefe. Na jefar da shi.

Juma'a, 6:10 na yamma

Yau ban je asibiti ba, karo na farko. Na ce wa Inna aiki ya taru.

Awa biyu na yi a shagon. Mai tabarau ya sake jera su. Irin waccan mai tsadar babu lambar Dogo. Akwai wata mai haɓar da ake ɗagawa sama, Dogo zai so ta don gayu, amma ta fi nauyi kuma ya ce a hanyar gargada maƙullin yana saurin saki. Akwai mai zanen wuta, tambarinta ya ɓare a farcena. Na ɗauki wata fara, marar ado ko ɗaya, mai rufe haɓa, tambarinta na gaske, kuɗinta rabin na waccan. Na ce anya mai araha haka? Ya ce, "Wadda ta zauna a kai ita ce mai tsada." Ya ce fara ma ta fi, ana hango ta daga nesa kuma ba ta shan rana. In ba ta zauna ba, in turo shi da kansa a canza.

Na tambaye shi ko akwai yadda za a cusa wa tsohuwar soso ta matse. Ya cire tabarau ya kalle ni. Na ce na ji, na ji.

Kwalin yana ƙarƙashin teburin yanka. Na fito da shi na mayar ya fi sau biyar.

Asabar, 6:05 na safe

Na ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Asabar, 9:40 na safe

Inna ta fito da baƙar hular tana goge gilashin da gefen mayafinta. Ni kuma na fito da kwali. Dogo yana tsakar gida yana ɗaure jakar sifanu, ya ce, "Iye, matar Yaya, lefe aka haɗa min?"

Inna ta ga abin da ke ciki, ranta ya ɓaci. "Ashe ba na ce a bar zancen nan ba? Miji a kwance, ke kina watsa kuɗi a kan abin da muke da shi?"

Duk maganar da na kwana ina shiryawa ta gudu. Na jawo kujera na ce, "Dogo, zauna." Ya ga fuskata, ya zauna babu wasa. Na karɓi baƙar daga hannun Inna, na kifa masa a kan hularsa yadda ya ce zai riƙa yi. Na ɗaura maɗaurin, na ce ya ja da kansa ya ji ya ɗauru. Ya ja, ya ce ya ɗauru. Na zagaya bayansa, na sa tafin hannu ɗaya a ƙeya, na tura.

Ta fita da hular tasa a ciki, ta gangara har bakin rariya.

Na ce, "Inna, haka ta fita daga kan ɗanki kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa babu ƙwarzane. Ba ta tsare shi ba. Ni na sayo ta da girma don ya ɗora a kan hula, na ƙara inci biyu irin na ɗinki. Mai shagon ya hana ni, na yi masa rashin kunya."

Inna ta dubi hular a bakin rariya. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun ranar da Dogo ya kawo ta.

"Kika bar ni ina yawo da ita ina nuna wa mutane. Ina sa miki albarka a gaban kowa." Ta juya ta kalli Dogo, ta kalli babur, na ga lokacin da ɗayan lissafin ya zo mata, cewa saura ƙiris shi ma ya hau kwalta da ita, sai da ta dafa bango. Ta shige ɗaki.

Dogo ya tashi daga kujerar. Ya ɗauko farar da kansa, ya sa a kai babu hula, kumatunsa suka tattaro. Ya ɗaura, ya juyo min da ƙeya. Na tura da hannu ɗaya, na tura da biyu, kansa ne kawai ya sunkuya. Ya tsinci hularsa ta yadi ya cusa a aljihu, ya tura babur waje. Ban san ko fushi yake da ni ba. Na tsaya a ƙofa har farin ya ɓace a kwana.

Inna ta fito da kwanon abinci ta wuce ni, ba ta ce in taso ba. Zan sa takalmi in bi ta.

Asabar, 1:20 na rana

Mota ɗaya muka shiga, ita a gaba ni a baya. Ta biya nata, na biya nawa. Daga bakin asibiti har baranda tana gaba ina binta, taku uku tsakaninmu.

A ƙofar ɗaki na huɗu ta tsaya. Na ɗauka cewa za ta yi in koma. Ba ta juyo ba, ta miƙo kwanon ta gefe.

"Ungo. Jiya da ba ki zo ba ya ƙi karɓa a hannuna, ya ƙi na nas, ƙofa kawai yake kallo. Shiga ki ba mijinki. Ni yau ba zan iya kallonki ba."

Ba ta ce 'yar nan ba.

Na shiga. Tana can kan benci ta ba ƙofa baya. Ya ci cokali bakwai.